Ɗana Yana Zazzaɓi Kullum da Yamma, Likita Ta Ce Sai An Duba Ɓargonsa

Assalamu alaikum Anti. Ɗana shekararsa huɗu, yau mako na biyar ke nan yana zazzaɓi. Abin da ya ɗaure mini kai, zazzaɓin yana da lokaci. Da yamma ta yi jikinsa zai ɗau zafi zau, ya kwanta yana rawar sanyi, amma gari na wayewa sai zafin ya sauka, har ya nemi abinci ya ɗan yi wasa. An yi masa maganin maleriya sau biyu, an ba shi na taifot, ya sha antibayotik iri-iri, babu canji. Idan zafin ya tashi wasu jajayen ɗige-ɗige na fitowa a ƙirjinsa da cinyoyinsa, kafin likita ya zo sun ɓace, har na fara jin kamar ana ganin ƙarya nake yi. Kwanan nan kuma yana ɗingishi da safe, gwiwarsa ɗaya ta kumbura. Yanzu muna kwance a asibiti. Likitar yara ta ce tana zargin wani irin amosanin gaɓɓai ne mai kama jiki duka, amma ba za ta fara magani mai ƙarfi ba sai an ɗebi ɓargonsa an duba. Babansa ya ƙi sa hannu. Ya ce amosani ciwon tsofaffi ne, lalube kawai suke yi suna zuƙe jinin yaro, gara mu canza asibiti. Surukata na cewa da na kula da shi tun farko da bai kai haka ba. Ƙanwar maigidana kuma ta kawo wasu ƙwayoyi, ta ce su suka raba ta da ciwon gwiwa, in riƙa ba shi rabi a ɓoye. Na rasa wanda zan bi. Laifina ne? Me zan yi?

Wata uwa da ke jinya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah Ya tashi kafaɗun yaronmu. Mako biyar uwa tana ganin rana ta yi sanyi gabanta ya faɗi, don ta san abin da ke tafe, wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce. Duk da haka kin zauna kin tsara labarin ciwon dalla-dalla, har da lokacin da zafi ke tashi da inda ɗige-ɗigen ke fitowa. Wannan lura taki tana da daraja fiye da yadda kike zato, za ki ga dalili nan gaba kaɗan.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Kada ki ba shi ƙwayoyin nan, ko rabi, ko kwata. Tausayi ne ya sa ƙanwar maigidanki ta kawo su, ban yi mata mummunan zato ba. Sai dai da yawa daga cikin magungunan da ke kwantar da ciwon gwiwa cikin dare ɗaya suna ɗauke da sitiroyid, wato magani mai ƙarfi da ke danne kumburi da garkuwar jiki, irin su firedinisolon da dekzametason. Yaro mai irin wannan zazzaɓi idan ya sha sitiroyid zafin zai sauka, kumburin ya sace, kowa ya yi hamdala, alhali ba a san abin da aka danne ba. Idan sankarar jini ce a ƙasa, sitiroyid na iya rage ƙwayoyinta a ɓargo na ɗan lokaci har gwaji ya kasa ganinsu, daga baya ciwon ya dawo, an yi asarar lokaci, maganin kuma ya ƙara wuya. Idan wata cuta ce ta ɓuya, kamar tarin fuka, sitiroyid zai raunana garkuwar jiki ya ba ta fili. Abin da likitar ke gudu ke nan da ta ce ba za ta fara magani mai ƙarfi ba tukuna. Ki ɗauki ƙwayoyin da kwalinsu ki nuna mata. In kuma an riga an ba shi wani abu, ke ko wani, ki faɗa mata yau ɗin nan, da sunan maganin da ranar da ya sha. Ba neman mai laifi za ta yi ba, fassarar sakamakon gwaji ce za ta canza.

Ba a gano cuta ta wasiƙa, likitar da ta taɓa yaron da hannunta ita ke da ta cewa. Amma zan gaya miki gaskiya, abin da kika bayyana ya yi kama sosai da cutar da take zargi, kuma a ganina hanyar da ta ɗauko ita ce daidai.

Yara suna yin amosanin gaɓɓai, har da masu rarrafe. Likitoci sun kasa shi gida-gida, sun tattara a ƙarƙashin suna ɗaya duk kumburin gaɓa da ya fara kafin shekara 16, ya kai mako shida, ba a kuma gano wani sanadi ba. Yawancin nau'o'in a gaɓɓai suka fi tsayawa. Wanda likitar ke zargi kuwa jiki duka yake kamawa. A takardun asibiti za ki ga an rubuta sJIA, taƙaitaccen sunansa na Turanci, ko cutar Still, da sunan George Frederic Still, likitan yara a Landan wanda ya bayyana ta a 1897 cikin rahotonsa kan yara 22. A Turai da Arewacin Amurka ita ce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na yaran da ke da amosanin gaɓɓai, a wasu ƙasashen Asiya kason ya fi haka. Ba ta bambanta mace da namiji, tana iya zuwa a kowace shekara ta ƙuruciya, amma ta fi yawa tsakanin shekara ɗaya zuwa biyar.

A wannan cuta ba wata ƙwaya ce ta shiga jiki ba, shi ya sa antibayotik ba ya taɓuka komai. Garkuwar jiki ce ta tashi babu abokin gaba, kamar mai gadin da ke busa usur kowane dare yana tayar da mutane alhali babu ɓarawo. Wasu sinadarai da ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna saƙo da su, musamman waɗanda ake kira IL-1 da IL-6 da IL-18, su ne ke yin yawa a jini. Su ke ɗaga zafin jiki, su kumbura gaɓɓai, su kashe sha'awar abinci, su hana jiki yin jini yadda ya kamata. Ba a ɗaukar cutar daga wani, ba zai shafa wa 'yan'uwansa ba, kuma da wuya ƙwarai a sami yara biyu masu ita a gida ɗaya.

Zazzaɓinta yana da tsari, kuma tsarin nan shi ne babbar shaida. Sau ɗaya a rana, wani lokaci sau biyu, galibi da yamma ko farkon dare, zafin zai haura digiri 39 ko fiye, sannan ya sauko zuwa daidai, wani lokaci har ƙasa da daidai. Yana sama yaro zai galabaita, ya ƙi a taɓa shi, ko'ina na yi masa ciwo. Yana sauka sai ki ce ba shi ba. Wannan sauyin ne ke raba kan dangi. Wanda ya zo dubiya da hantsi ya tarar da yaro na wasa, sai ya tafi da cewa ai ya ji sauƙi, uwar ce ke zuzutawa. Ke da kike kwana da shi kin san ba haka ba ne. Wasan safiya ba alamar warkewa ba ce, ba kuma shaidar cewa kukan yamma shagwaɓa ce ba. Haka ciwon yake.

Ɗige-ɗigen ma ba ƙarya kike yi ba, ɓacewarsu ita ce halinsu. Ƙanana ne, a shimfiɗe ko sun ɗan tasa kaɗan, yawanci ba sa ƙaiƙayi. Sun fi fitowa a ƙirji da ciki da baya da cinyoyi da hammata. Tare da zafi suke zuwa, su tafi cikin 'yan sa'o'i ba su bar tabo ba, gobe su ɓullo a wani wurin. Wanka da ruwan ɗumi ko susa ko gogar tufafi kan fito da su, har a ga layi inda farce ya bi. A fata mai duhu suna da wuyar gani, balle da hasken ɗaki na dare, shi ya sa ake yawan wuce su. Saboda haka da sun fito ki kira nas ɗin da ke aiki ta gani da idonta ta rubuta, ke kuma ki ɗauki hoto da waya a wuri mai haske, ɗaya daga kusa ɗaya daga ɗan nesa. Hoton da ke ɗauke da rana da lokaci ya fi dogon bayani washegari.

Gaɓɓai su ne kan makara. Akwai yaran da za su yi makonni, wasu har watanni, suna zazzaɓi kafin gaɓa ko ɗaya ta kumbura, abin da ya sa ake daɗewa ba a kawo cutar a rai ba. Idan sun taɓu, gwiwa da idon sawu da wuyan hannu ne kan gaba, wani lokaci wuya da ƙugu da muƙamuƙi. Ƙaramin yaro kuma ba kasafai yake cewa gwiwata na ciwo ba. Sai dai ki ga ya tashi da safe a ƙage, yana ɗingishi, ko yana neman a ɗauke shi bayan ya daɗe da iya tafiya, ko ya ƙi juya wuya sai ya juya da jiki duka, ko ya daina dafa ƙasa da tafin hannu idan zai miƙe. In rana ta ɗaga sai jikin ya ɗan saki. Bayan waɗannan, likita na laluben kaluluwa a wuya da hammata da matsematsi, tana taɓa ciki ta ji ko hanta da saifa sun ƙara girma, tana sauraren ƙirji domin rigar da ta lulluɓe zuciya ko huhu na iya kumbura ta tara ruwa. Idan ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko kika ga ya ƙi kwanciya rigingine ya fi son zama a sunkuye, ki faɗa nan take.

To me ya sa aka kai mako biyar? Domin babu gwaji guda da za a yi ya fito da sunan wannan cuta. Ana gane ta ne ta hanyar haɗa alamomi, da kuma kawar da duk wata cuta mai kama da ita. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta duniya, ILAR, ta gyara a 2001, wadda aka daɗe ana aiki da ita, ta ce sai zazzaɓin ya kai mako biyu, an tabbatar yana hawa da sauka kullum na aƙalla kwana uku, ga kumburin gaɓa, sannan ga ɗaya daga cikin huɗu: ɗige-ɗige masu ɓacewa, kaluluwa a sassan jiki, girman hanta ko saifa, ko kumburin rigar zuciya ko huhu ko ciki. Daga baya ƙwararru suka ga jiran gaɓa ta kumbura na jinkirta wa yara magani, don haka shawarwarin da ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Turai suka fitar a 2024 ba su sa kumburin gaɓa ya zama dole ba. Amma sharaɗin kawar da sauran cututtuka yana nan daram.

Waɗanda suka fara yi masa maganin maleriya ba su yi wauta ba. Inda maleriya ta yi yawa, da ita ake fara zargi, kuma daidai ne. Kuskuren da ake yi shi ne a yi ta maimaita magani ɗaya bayan ya gaza. Yaro na iya samun ƙwayar maleriya a jini alhali ba ita ke kawo zazzaɓin makonni ba, gwajin Widal na taifot kuma sananne ne da nuna cuta inda babu ita. Yanzu da kuke hannun likitar yara, jerin abin da take kawarwa yana da tsawo. Gwiwa ɗaya da ta kumbura tare da zazzaɓi, dole a tabbatar ba ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar ko ƙashin ba, wani lokaci sai an zuƙi ruwan gwiwar an duba. Akwai tarin fuka, akwai sikila. Akwai zazzaɓin da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro ya riƙa yawo daga gaɓa zuwa gaɓa ya taɓa zuciya. Akwai cutar Kawasaki, mai zuwa da jan ido da tsagewar leɓe da kumburin hannu da ƙafa a ƙananan yara. Akwai lufus, wata cuta da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin kansa. Sannan akwai sankarar jini da danginta.

Jinin da ake ta ɗiba, ga abin da ake nema a ciki. A cutar Still fararen ƙwayoyin jini kan yi yawa, ƙwayoyin da ke daskarar da jini su ma su yi yawa, jajayen kuma su ragu. Ma'aunan kumburi guda biyu, ESR da CRP, kan hau sosai, haka ma wani sinadari da ake kira feritin, wanda kan kai ninki da yawa na yadda ya saba. Gwaje-gwajen RF da ANA, da ake yi wa masu wasu nau'o'in amosani, a wannan cuta yawanci ba sa nuna komai. Don haka idan wani ya kalli takarda ya ce ai gwajin amosani bai nuna ba, wannan bai kore ta ba. Hoton ƙashi ma a farko lafiya lau yake fitowa, sikanin ne ya fi nuna ruwa a gaɓa. Ana maimaita gwajin jinin ne domin alƙaluman rana ɗaya ba su isa ba, inda suka dosa ake kallo, hawa suke yi ko sauka. Abin da ake ɗiba kaɗan ne, kuma ƙarancin jinin da yara ke yi a wannan ciwo galibi daga kumburin kansa yake. Duk da haka kina da damar roƙo a haɗa gwaje-gwajen a ɗiba lokaci guda don a rage masa sukar allura.

Yanzu ɓargo, inda maigidanki ya toge. Sankarar jini a yara takan fara da zazzaɓi da ciwon ƙafa da ɗingishi da kaluluwa, kusan yadda cutar Still ke farawa. Akwai abubuwan da ke taimakawa a bambanta su. Mai sankara yakan farka tsakar dare da ciwon ƙashi mai tsanani, ƙwayoyin daskarar da jininsa kuma sukan yi ƙasa maimakon sama. Amma a farkon ciwon gwajin jinin hannu na iya fitowa kusan daidai, ɓargo ne ke raba gardama, domin can ake ƙera jini. Neman wannan gwaji ba ya nufin likita ta ga sankara. Sau da yawa so take ta rufe wannan ƙofa kafin ta ba da maganin da zai iya ɓoye ta. Ki tambaye ta kai tsaye, ta ga wani abu ne a jininsa da ya tayar mata da hankali, ko kuwa tabbatarwa take so ta yi? Kin cancanci amsa a fili.

Mutane da yawa idan suka ji ɓargo, laka suke kawowa a rai, sai tsoron shanyewar ƙafa ya shigo. Ba a taɓa laka. Daga ƙashin ƙugu ake ɗiba, galibi ta baya, da allura ta musamman, bayan an ba yaro maganin barci ko an kashe zafin wurin. Aikin ba ya daɗewa, abin da ake ɗiba kaɗan ne, jiki na mayar da shi, wurin kan yi ɗan tsami kwana ɗaya ko biyu. Ina kyautata zaton babu wanda ya zaunar da babansa ya yi masa wannan bayani.

Shi ma ki duba shi da idon rahama. Mutum ne da ya yi makonni yana biyan kuɗin gwaji da magani, yana ganin ɗansa na ramewa, kullum ana ce masa a jira sakamako. Faɗan da yake yi tsoro ne a ƙasansa, kuma ƙin sa hannu shi ne kaɗai abin da ya rage yake jin yana da iko a kai. Idan kika tunkare shi da cewa yana hana yaro magani, ƙara kafewa zai yi. Ki nemi likitar ta ba ku lokaci ku uku a ofis, ba a tsaye a bakin gado ba, ki bar shi ya yi tambayoyinsa da bakinsa: me ake nema a ɓargon, me zai faru idan aka jinkirta, kwana nawa sakamako zai ɗauka, wane magani za a fara idan ya fito lafiya. Ki kuma roƙe shi ya zauna da ku yamma ɗaya tun kafin zafin ya tashi, ma'aunin zafi a hannunsa, ya ga hawan ya ga ɗige-ɗigen. Abin da ido ya gani ya fi shiga. In da wani babba da yake jin maganarsa, ko ɗan'uwa ma'aikacin lafiya, a sa shi a zaman.

Maganar canza asibiti kuma ba laifi ba ce a kan kanta, neman ra'ayin likita na biyu haƙƙinku ne. Yadda za a yi shi ne abin dubawa. Idan kuka ɗauke yaro cikin fushi ba takarda, sabon wurin daga farko za su fara, a sake maleriya, a sake taifot, a sake antibayotik, wani ma ya ba da sitiroyid don ya ga sauƙi da wuri, makonni biyar ɗin nan su tafi a banza. In za a matsa, a matsa gaba, zuwa babban asibiti mai ƙwararren likitan gaɓɓai da garkuwar jiki na yara, ko aƙalla likitan jini na yara, da takardar turawa daga likitarku, da kwafin duk sakamako da jadawalin zafin jiki. Irin waɗannan ƙwararru ba su da yawa a ƙasashe da dama, don haka wata hanyar ita ce likitarku ta tuntuɓi ɗaya ta waya, ta tura masa sakamakon, yaro na kwance inda yake. Ki ba maigidanki wannan zaɓi, zai ji an saurare shi. Amma ya sani, can ɗin ma mai yiwuwa ne su nemi ɓargon.

Kin tambaya ko laifinki ne. A'a. Babu wankan da kika yi masa, ko sanyin da ya buge shi, ko abincin da kika ba shi ko kika hana shi, da ya jawo wannan ciwo, babu kuma wata kulawa da aka sani tana hana shi zuwa. Kin kai shi asibiti, magani ya gaza kin koma, ya sake gazawa kin sake komawa. Uwar da ta yi sakaci ba ta san ƙarfe nawa zafin ɗanta ke tashi ba. Surukarki jikanta take ji, kuma mutum idan ya rasa dalilin abu yakan ɗora wa na kusa. Kada ki yi musu da ita, ba ki da ƙarfin da za ki ɓatar a nan. Bayan zaman da likita, ɗanta ya yi mata bayani, daga bakinsa zai fi karɓuwa. Ƙanwarsa kuma ki yi mata godiya, ki ce likita ta hana a haɗa masa kowane magani har a gama bincike, shi ke nan.

Abin da ke hannunki daga yau shi ne littafi da biro. Ki riƙa auna zafinsa a lokuta tsayayyu, safe da rana da yamma da dare, da duk lokacin da kika ji ya yi zafi, ki rubuta lamba da lokaci. Ki rubuta sa'ar da aka ba shi farasitamol, domin yana sauya tsarin zazzaɓin. Ki rubuta gaɓar da ta kumbura, da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin jikinsa ya saki da safe, ki ɗauki ɗan bidiyon tafiyarsa yana tashi daga barci. Kada ki ba shi asfirin, kada kuma ki ƙara masa wani maganin ciwo sai wanda aka rubuta. Ruwan ɗumi da safe na sassauta gaɓɓai. Ki bar shi ya motsa ya yi wasa gwargwadon iyawarsa, kada a tilasta masa tafiya, kada kuma a ɗaure shi a gado. Kafin allura ki gaya masa gaskiya cikin kalmomin da zai gane, yaron da aka ce masa ba zafi sannan ya ji zafi yakan daina yarda da kowa.

Akwai wani abu da nake so ki sani ba don in tsorata ki ba. Kusan ɗaya cikin goma na yaran da ke da cutar Still kan faɗa wani yanayi mai haɗari da likitoci ke taƙaita sunansa da MAS, inda garkuwar jiki ke ƙwacewa gaba ɗaya ta shiga cin ƙwayoyin jini tana taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Yana iya zuwa tun a farkon ciwo. Alamar da uwa za ta fara gani ita ce zazzaɓin ya sauya hali, ya daina sauka da safe, ya zauna dare da rana. Sai yawan barci ko ruɗewa ko fushi da ba a saba gani ba, haɓo, jini a dasashi, tabon taruwar jini a fata ba tare da ya bugu ba, ido ya yi rawaya, numfashi sama-sama, ko jijjiga. A takarda kuma ƙwayoyin daskarar da jini da fararen ƙwayoyi za su faɗo, ESR ya sauka, feritin ya yi tashin gwauron zabi. Mai kallo zai ɗauka saukar alƙaluman sauƙi ne, alhali akasin haka ne. Ko ɗaya daga cikin waɗannan kika gani, ko ƙarfe nawa ne, ki tashi ma'aikata, kada ki jira zagayen safe. Yana da magani idan aka tare shi da wuri. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ba na son ku bar asibiti ba shiri.

Idan an tabbatar cutar Still ce, kada zuciyarki ta karaya. Maganinta ya ci gaba sosai. A da sitiroyid ne kusan kaɗai abin dogaro, da illolinsa na tsuke girma da raunana ƙashi idan aka daɗe ana sha. Yanzu akwai allurai da ke toshe sinadaran nan kai tsaye: anakinra da kanakinumab suna tare IL-1, tosilizumab yana tare IL-6. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da tosilizumab don wannan cuta a 2011, kanakinumab kuma a 2013, kuma ra'ayin ƙwararru a yau shi ne a fara irinsu da wuri, a taƙaita sitiroyid. Suna da tsada, ba ko'ina ake samunsu ba, don haka ki tambayi likita abin da ke samuwa da hanyar tallafi in akwai. Inda babu su, ana sarrafa ciwon da sitiroyid cikin lissafi tare da wasu magunguna. Wasu yaran sau ɗaya ciwon ke zuwa, ya yi watanni ya tafi bai dawo ba. Wasu yana tafiya yana dawowa. Wasu kuma yakan zauna a gaɓɓai ya buƙaci magani na shekaru. A makonnin farko ba a iya faɗin rukunin da yaro zai faɗa, sai an ga yadda ya karɓi magani.

Ke ma ki nemi mai karɓarki jinya ko da na wasu sa'o'i ne, ki yi barci, ki ci abinci. Tafiyar na iya yin tsawo, kuma ke ce idon likita a kan yaron nan.

Ranar da za a sallame ku, kada ki fita sai da takarda mai ɗauke da sunan ciwon, da magungunan da yake sha da adadinsu, da lambar da za ki kira idan abu ya taso. In an ɗora shi a kan sitiroyid, ba a yanke shi rana ɗaya ko da ya warware sarai, a hankali likita ke ragewa. Ki tambaya game da allurar rigakafi kafin a yi masa kowace, domin akwai waɗanda ba a yi wa yaron da ke shan maganin danne garkuwa, ki kuma sanar da asibiti idan ya yi cuɗanya da mai ƙyanda ko ƙarambau. Takardar nan ta riƙa zama a jakarki, ki ajiye hotonta a wayarki da ta babansa, domin duk ranar da zazzaɓi ya kai ku wani asibiti cikin dare, ita za ki fara miƙa wa wanda ya karɓe ku.